Adafta Ba Ta Rage Ƙarfin Wuta: Jan Hankali ga Maniyyata da Ɗalibai Daga Ƙasar Zuru

Duk shekara, da zarar watan Shawwal ya raba tsakiya, gidajen maniyyata a garin Zuru da Dabai da Mahuta da Ribah da Dirin Daji sukan ɗauki hidima. Ana zuwa bita, ana sayen harami, ana daka yaji da kuka, ana biyan basussuka, ana bi gida-gida neman gafara. Malamai sun karantar da rukunan Hajji da wajibansa, ma'aikatan lafiya sun yi allurar rigakafi, jami'an alhazai sun yi bayanin nauyin jaka da kuɗin guzuri. Sai a daren da za a kama hanyar Birnin Kebbi ne wani yaro a gidan zai tuna da cajar wayar Baba, ya naɗe ta ya cusa a gefen jaka, wataƙila tare da 'yar hitar dafa ruwa da Hajiya ta ce ba ta iya rabuwa da ita saboda kunun safe. Ba kasafai ake samun wanda zai tsaya ya tambaya ba, shin wutar lantarkin da za a tarar a Makka da Madina irin tamu ce?

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan ƙaramin al'amari. To amma mu dubi yadda Hajjin yau yake. A ranar 15 ga Mayun 2024, daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi. Waɗanda suka shiga jirgin sun je sun haɗu da mutane fiye da miliyan 1.8, a shekarar da zafin rana ya haura digiri 51 a Makka, har hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301. A cikin irin wannan cunkoso da wannan zafi, dattijon da ba ya jin wani harshe sai Hausa ko Dakkarci ba shi da abin da ke haɗa shi da shugaban tawagarsa, da abokan ɗakinsa, da iyalinsa a gida, sai wayar da ke aljihunsa. Idan cajinta ya ƙare a kan hanyar Jamrat, ko cajar ta ƙone tun daren farko a Madina, ya zama kamar makahon da aka ƙwace wa sanda a tsakiyar kasuwa. Bayan haka kuma akwai abin da ya fi ɓata tsanani, wato gobara a ɗakin da mutum huɗu ko fiye suke barci.

Tambayoyi uku ne suka wajaba a kan duk wani kayan lantarki da za a fita da shi ƙasar waje. Ta farko, shin ƙafafun fuloginsa za su shiga bakin soket na can? Ta biyu, shin ƙarfin wutar can ya dace da shi? Ta uku, wane nauyi yake ɗora wa layin da aka jona shi? Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya amsa ta farko, ya zaci ya amsa duka.

Bakin soket

Akwai nau'o'in fulogi kusan 15 a duniya, kowane an ba shi harafi, daga A har zuwa O. Nijeriya ta gaji na Ingila, mai ƙafa uku masu kusurwa huɗu, wanda Ingila ta fara aiki da shi a 1947, ana kuma kiransa nau'in G. A wasu tsofaffin gine-gine har yanzu ana ganin wanda ya gabace shi, mai ƙafa uku zagayayyu.

Ba sai an hau jirgi ake ganin bambanci ba. Ɗan Kebbi da ya tsallaka iyaka daga Kamba zuwa Gaya zai tarar da soket mai rami biyu zagayayyu, irin na Faransa. Alhali kuwa babban layin da ya tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso zuwa Yamai, wutar Nijeriya yake ɗauke da ita. Wuta ɗaya ce, baki ne ya bambanta, domin wanda ya yi mulkin mallaka a nan ba shi ne ya yi a can ba. A irin wannan hali ne adafta take da amfani. Adafta 'yar mahaɗa ce kawai: ta wannan gefe tana karɓar ƙafafun fuloginka, ta wancan gefe tana da ƙafafun da suka dace da bangon. A cikinta babu komai sai 'yan ƙarafa masu miƙa wuta. Yadda wuta ta shigo mata haka take fitar da ita, ba ta ragewa, ba ta ƙarawa.

Game da Saudiyya akwai albishir. Nau'in da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar, SASO, ta tsayar a matsayin na ƙa'ida shi ne wannan mai ƙafa uku irin namu, kuma shi za a tarar a sababbin masaukai. Sai dai a tsofaffin gidaje ana iya cin karo da mai rami biyu zagayayyu ko mai rami biyu a tsaye irin na Amurka.

Matsalar tamu ta gida ce. Yawancin cajojin da ake sayarwa a kasuwanninmu ƙafa biyu gare su, shi kuwa soket mai rami uku yana da marfi a ciki wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga. An yi marfin ne don kada yaro ya zura yatsa ko ƙusa. Mun saba da dabarar zura biro ko makulli ko tsinken ashana a ramin sama don a tura caja da ƙarfi, wasu ma sukan feɗe igiyar wuta su cusa tsirarun wayoyi su danne da tsinke. Wannan al'ada ce da ya kamata a bar ta a gida, a gidan ma a daina. Ƙafar da ba ta zauna daram a raminta ba takan yi tartsatsi, wurin ya yi zafi, robar ta narke. Maganin kuwa ba shi da tsada: adafta mai kyau guda biyu, masu mayar da ƙafa biyu zuwa uku, waɗanda suke da fiyus a ciki. Fiyus siririn ƙarfe ne da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, ya yanke ta kafin igiya ta kama.

Ƙarfin wuta

Ana auna ƙarfin turin wutar lantarki da ma'aunin bolt, wanda ake rubutawa da harafin V a jikin kaya. Misalinsa kamar ruwan tanki ne: gwargwadon tsayin da aka ɗora tankin, gwargwadon ƙarfin da ruwan ke fitowa a famfo. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, haka ta Ingila da yawancin Turai. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan kuma 100.

Saudiyya ta daɗe tana da iri biyu a lokaci guda, bolt 127 da bolt 220, har ta kai a cikin ɗaki ɗaya ana iya samun soket na wannan da na wancan. A shekarar 2010 ne majalisar ministocin ƙasar ta yanke shawarar komawa bolt 230 gaba ɗaya, aka kuma tsara kammala sauyin cikin shekara 25. Ke nan sababbin gine-gine sun dace da kayanmu, amma wa'adin bai cika ba tukuna, kuma ba a rasa tsohon gini mai ragowar tsohon layi.

Me ke faruwa idan ƙarfin bai dace ba? Idan aka jona butar lantarki ta bolt 230 a layin 127, zafin da za ta bayar bai kai kashi ɗaya cikin uku na yadda ta saba ba, sai a yi ta jira ruwa ya ƙi tafasa. Kayan da ke da inji mai juyawa kuwa, kamar fanka, zai riƙa gurnani yana zafi ba tare da ya juya yadda ya kamata ba. Wannan asara ce mai sauƙi. Babbar musiba ita ce akasin haka. Kayan da aka ƙera don bolt 120, idan ya sha 230, zafin da ke taruwa a cikinsa yakan kusa ninka huɗu, domin idan ƙarfin wuta ya ninka biyu, zafinta ninkawa huɗu yake yi. Cikin daƙiƙu kaɗan sai ƙauri da hayaƙi, wani lokaci har da harshen wuta.

Irin waɗannan kaya suna nan a gidajenmu fiye da yadda muke zato: kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka, da kyautar da ɗan uwa ya aiko daga can, kamar injin aski da injin markaɗe da na'urar busar da gashi. A nan ne adafta take yaudarar mutum. Za ta buɗe wa kayan hanya ya shiga bango lafiya lau, mai shi ya yi murna, sannan ta miƙa masa wutar da za ta kashe shi.

Rigakafin wannan karatu ne na minti ɗaya. A jikin kowace caja da kowane kayan lantarki akwai ƙananan rubutu, a nemi layin da ya fara da kalmar Input. Idan an ga 100–240V, kayan yana daidaita kansa da wutar kowace ƙasa, abin da yake buƙata adafta ce kawai. Kusan duk cajojin waya da na kwamfutar tafi-da-gidanka haka suke. Idan an ga 220–240V kaɗai, ya dace da Nijeriya da sababbin gine-ginen Saudiyya, bai dace da Amurka ba. Idan kuwa an ga 110V ko 120V kaɗai, kada a kusantar da shi ga bango a nan ko a Makka sai da tiransifoma. Wasu kayan suna da ɗan maɓalli mai lamba biyu a jikinsu, sai a tabbatar an mayar da shi kan lambar ƙasar da ake ciki kafin a jona.

Tiransifoma da abin da ya yi kama da ita

Na'urar da ke canza ƙarfin wuta da gaske ita ce tiransifoma, wadda masu aski da masu gyaran rediyo suke kira sitef-dawun idan mai ragewa ce. A cikinta akwai dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla, shi ya sa take da nauyi, kuma nauyinta yana ƙaruwa gwargwadon kayan da za ta iya ɗauka. Akwai kuma wata mara nauyi da ake sayar wa matafiya, wadda ke daddatsa wutar maimakon ta rage ta a tsanake. Ita wannan an yi ta ne don kayan da aikinsu zafi kawai, kamar dutsen guga, na ɗan lokaci, kuma tana iya lalata kwamfuta ko na'urar asibiti. Duk wanda zai sayi tiransifoma ya duba adadin da aka rubuta tana ɗauka, ya zaɓi wadda ta zarce buƙatar kayansa da rata mai yawa, musamman kayan da ke da inji, domin inji yakan ja wuta ninki-ba-ninki a lokacin da yake tashi.

Kada kuma a rikita ta da sitabilaiza da muka sani a gida. Aikin sitabilaiza shi ne daidaita wutar da ke hawa da sauka don ta tsaya kusa da 220. Wasu suna da baki na daban da aka rubuta wa 110V, to wannan bakin kaɗai ne ya dace da kayan Amurka, sauran ba su dace ba.

Ga maniyyaci dai shawara a taƙaice take: duk kayan da sai da tiransifoma yake aiki, a bar shi a Zuru. Nauyinta zai cinye wurin abin da ya fi ta amfani a jaka, kuma kwatankwacin kayan yana nan a shagunan Makka da Madina, wanda aka ƙera daidai da wutar ƙasar.

Bugun wuta, da batun tsaraba

Akwai bambanci guda da adafta da tiransifoma duka ba sa gyarawa. Wutar lantarkin gida kai-da-komo take yi a cikin waya, ana kuma rubuta adadin bugunta da haruffan Hz. A Nijeriya sau 50 take bugawa a daƙiƙa, a Saudiyya da Amurka sau 60. Caja ba ruwanta da wannan, shi ya sa ake rubuta 50/60Hz a jikinta. Hita da dutsen guga ma haka. Amma kayan da ke da inji suna ji. Injin da aka ƙera don 50 zai ƙara sauri da kashi ɗaya cikin biyar a Saudiyya, wanda aka ƙera don 60 kuma zai rage sauri a Nijeriya, ya riƙa ɗaukar zafi.

Misalin da ya fi kusa da alhaji shi ne injin aski. A ranar 10 ga Zulhajji, bayan jifa, kowa yana neman aski ko saisaye. Injin askin da ake jonawa kai tsaye a bango, mai karkarwa, da bugun wuta yake tafiya, don haka idan an kai shi ƙasar da bugunta ya bambanta sai ya riƙa ƙara mai tsanani ko ya rage kaifin yanka. Mai aiki da batir ba shi da wannan matsala, ko kuma mutum ya nufi shagunan aski masu lasisi da ke Mina, inda ake amfani da sabuwar reza ga kowane kai.

Haka nan idan an zo sayen tsaraba. Kaskon turare na lantarki, da butar shayi, da injin markaɗe, da agogon kiran salla, duk a juya su a karanta kafin a biya kuɗi. Abin da ake nema shi ne 220–240V tare da 50/60Hz. Tsohon kaya mai 127V da aka karya wa farashi ba riba ba ne, domin ranar da aka jona shi a gida ranar zai mutu. Araha dai ba ta ado.

Nauyin da layi ke ɗauka

Tambaya ta uku ita ce ta fi shafar rayuka. Kowane kaya yana da adadin wutar da yake ci, ana auna shi da wat, harafinsa W. Cajar waya tana cin tsakanin wat 5 zuwa 25, ta kwamfuta 45 zuwa 90. Butar lantarki kuwa tana cin 1,500 zuwa sama da 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye. Soket mai rami uku, mafi ingancinsa, iyakarsa wat 3,000 ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma duk ekstenshan da aka jona a kansa, komai yawan bakunansa, wannan iyakar ce ake rabawa.

Lissafin a fili yake. Caja goma a kan ekstenshan guda ba su wuce wat 250 ba, babu damuwa. Buta guda da dutsen guga guda kuwa suna iya haura 3,000. Wannan ma idan ekstenshan ɗin na kirki ne. Na araha mai siririyar igiya ba ya ɗaukar ko kusa da haka, kuma sau da yawa ba shi da fiyus da zai yanke wuta, sai igiyar ta yi ta zafi a ƙarƙashin katifa ko darduma ba wanda ya sani. Ƙa'idar da kowa zai iya riƙewa ita ce: kayan caji marasa nauyi ne, kayan zafi masu nauyi ne. Kayan zafi a bango kai tsaye ake jona shi, ɗaya bayan ɗaya, mai shi yana tsaye a kansa. Kada a jona ekstenshan a kan ekstenshan, kada a ɗora adafta a kan adafta. Hitar nan da ake tsomawa cikin bokiti ita ce mafi haɗari, domin idan ruwa ya ƙafe ko aka manta da ita, robar bokitin ce za ta fara ci, ga kuma haɗarin jan wuta ga wanda ya tsoma hannu.

Tarihin Hajji ya san gobara. A ranar 15 ga Afrilun 1997, daidai da 8 ga Zulhajji 1417, wuta ta tashi a tantunan Mina, iska ta kwashe ta, ta cinye tantuna kusan 70,000, mutane fiye da 340 suka rasu. Tukunyar gas ta girki aka ɗora wa alhakin tashinta. Bayan wannan ne aka sake gina Mina da tantunan zaren gilashi masu jure wuta, aka kuma hana shiga da tukunyar gas wuraren ibada a kwanakin Hajji. To amma katifa da bargo da jaka da harami duk suna ci. Darasin Mina shi ne ɗan girkin mutum ɗaya yana iya zama ajalin ɗaruruwa. Idan aka ga hayaƙi a soket, a kashe maɓallin bango ko babban makunnin ɗakin, kada a watsa ruwa alhali wuta tana jone, a fitar da mutane, a kira 998, lambar jami'an kashe gobara, ko 911 a yankin Makka.

Fawabank da dokar jirgi

Daga Mina zuwa Arfa zuwa Muzdalifa, alhaji yakan yi yini da kwana ba tare da tabbacin samun soket ba, a Muzdalifa ma a fili ake kwana. Saboda haka batirin ajiye caji, wanda aka fi sani da fawabank, ya zama abokin tafiya. Mai lamba 20,000mAh yana iya cika wayar zamani sau biyu zuwa uku, wannan kuwa ya wadatar.

Sai dai dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana sanya shi a babbar jakar da ake aunawa, dole a riƙe shi a jakar hannu. Dalili shi ne batirin litiyom yana iya kamawa da kansa idan ya lotse ko ya yi zafi, kuma wutar da ta tashi a gaban mutane ta fi saurin kashewa bisa wadda ta tashi a rumbun kaya. Iyakar da aka yarda ba tare da izini ba ita ce 100Wh, wato kusan 27,000mAh. Daga nan zuwa 160Wh sai da amincewar kamfanin jirgi, abin da ya haura haka ba a ɗauka sam. Ke nan mai 20,000mAh, wanda yake daidai da 74Wh, zai wuce, mai 30,000 sai an nemi izini, manyan nan masu 50,000 da muke so saboda ɗaukewar wuta kuwa za a karɓe su a filin jirgi. Tun bayan da wani jirgin fasinja ya ƙone a filin jirgin Busan na Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025, bincike kuma ya karkata ga fawabank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, kamfanoni da dama sun hana amfani da shi a cikin jirgi. A saurari umarnin ma'aikata a bi. Wanda ya kumbura ko ya fashe a jiki a rabu da shi, kada a bar shi a rana, kada a yi caji a ƙarƙashin matashin kai.

Mai lalurar da ke dogara da na'ura, kamar injin shaƙar maganin asma ko na'urar taimakon numfashi a barci ko ta ƙara ji, ya karanta rubutun jikinta tun a gida, ya nuna wa likitocin tawaga, ya kuma riƙe ta da cajarta a jakar hannu.

Haƙƙin abokin zama

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Allah ya ƙara masa yarda, labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, wanda a dalilinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa hukuncin yana tafiya ne tare da tsoron gobara: inda ake tsoronta umarnin ya hau, inda aka aminta babu laifi. A kan wannan ma'auni, na'urar sanyaya ɗaki da aka kafa bisa ƙa'ida ba abin damuwa ba ce, amma hita da dutsen guga da caja mai zafi a kan katifa sun fi kusa da fitilar da aka ce a kashe.

Malaman fiƙihu sun kuma tabbatar cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, ko da gangan ne ko bisa kuskure. Wanda ya jona kayan zafi a kan ekstenshan ɗin jama'a ya ƙona wayoyin mutum biyar, bai kuɓuta da cewa bai sani ba. Ga kuma batun ladabi. A tantin Mina soket kaɗan ne, masu buƙata da yawa, kuma an sha ganin cacar baki saboda wani ya zare cajar wani, alhali jayayya tana cikin abubuwan da Alƙur'ani ya hana mai aikin Hajji. Abokan ɗaki su yi yarjejeniya tun daga Madina: ekstenshan guda mai kyau don wayoyi kaɗai, kowa ya rubuta sunansa a cajarsa, wanda tasa ta cika ya ba wani wuri, a fara da tsofaffi da marasa lafiya, kada a taɓa ta wani sai da izininsa.

Ga ɗalibai masu fita karatu

Ɗalibin da ya sami gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, abin da aka faɗa wa alhazai ya shafe shi. Mai zuwa Azhar a Alƙahira, ko Turkiyya, ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, zai tarar da wuta mai ƙarfi da bugu irin namu, amma soket mai rami biyu zagayayyu, don haka adafta ta ishe shi. A Maleshiya da Ingila da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa fuloginmu mai ƙafa uku yana shiga kai tsaye. Indiya tana amfani da mai ƙafa uku zagayayyu. Amurka da Kanada da Japan su ne inda baki da ƙarfi duka suka bambanta: waya da kwamfuta za su yi aiki da adafta, amma dutsen guga da buta a saya a can, kuma ranar dawowa a bar su a can ko a sadaukar da su ga sababbin ɗalibai.

Aikin mako guda kafin tafiya

Abin da ake roƙon kowane gida shi ne, mako guda kafin tafiya a shimfiɗa tabarma, a baje duk wani abu mai igiyar wuta da maniyyaci zai ɗauka. A kira ɗan makarantar da ke gidan ya karanta lambar V da ta W da ta Hz a jikin kowane ɗaya. Abin da ya dace a sa a jaka, abin da bai dace ba a mayar ɗaki. A sayi caja ta asali guda biyu maimakon ɗaya, da adafta biyu masu fiyus, da fawabank matsakaici, a gwada su a gida, a koya wa Baba ko Inna yadda ake jonawa da cirewa da hannunsu. A rubuta lambar shugaban tawaga da sunan masauki a takarda a sa a jakar wuya, domin ranar da waya ta mutu takarda tana nan.

Muna kuma kira ga malaman bita da jami'an alhazai na ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba da su ware ko minti goma ne a cikin darussansu don wannan bayani, su zo da caja da adafta a hannu su nuna wa mutane inda ake karantawa. Maniyyacin da ya sayar da amfanin gonarsa ko shanunsa, ya yi shekaru yana tarin kuɗin kujera, bai kamata ƙaramar roba ta dagula masa ibada ba.

Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya tsare su daga gobara da ɓata, ya dawo mana da su cikin aminci. Ɗalibanmu da ke ƙasashen waje kuma, Allah ya ba su ilimi mai amfani.